Sharhi: Ciwon dajin tumbi a cikin dangi da ƙwayar cutar da ake ɗauka tun yarinta, aikin da ke jiran sabuwar cibiyar lafiya ta Kafanchan

A shekarar 2025 ne Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a, inda aka tsara mayar da Asibitin Tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa ya zama mazauninta. Al'ummar kudancin Jihar Kaduna sun daɗe suna neman hakan, domin duk wanda ciwonsa ya fi ƙarfin babban asibitin yankinsa, sai dai a nufi Jos, Kaduna, Zariya ko Abuja da shi.

A watan Yulin shekarar 2025 kuma, Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya da ke birnin Lyon na ƙasar Faransa, wadda reshe ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fitar da wani hasashe a mujallar Nature Medicine. Masu binciken sun ƙiyasta cewa daga cikin yaran da aka haifa a duniya tsakanin 2008 da 2017, kimanin miliyan 15.6 za su kamu da ciwon dajin tumbi a tsawon rayuwarsu idan al'amura suka ci gaba yadda suke, kuma kashi 76 cikin 100 na wannan adadi ƙwayar cuta guda ce za ta haddasa shi, wato Helicobacter pylori. Game da Afirka kudu da Sahara, rahoton ya ce yawan masu ciwon na iya ninka na shekarar 2022 har sau shida. Yaran da ake magana a kansu su ne ke cike da makarantun firamare da sakandare a Kagoro, Zonkwa, Kwoi, Gwantu da Kachia a yau.

Labaran biyu suna da alaƙa, ko da yake ba a cika haɗa su ba.

A gidaje da yawa na yankin, kamar sauran sassan Arewa, duk ciwon da ya tsaya a ƙahon zuciya ko saman cibiya sunansa olsa, wato gyambon ciki. Mai fama da shi ya san hanyar kyamis, ya san farin maganin ruwa da ƙwayar omeprazole, wani kuma ya jiƙa kanwa ya sha. Idan dattijo ya shekara yana haka, sannan ya fara ramewa, abinci kaɗan ya cika masa ciki, amai ya ƙi tsayawa, har rai ya yi halinsa, akan ce olsa ce ta ci ƙarfinsa. Idan bayan 'yan shekaru ƙanensa ko ɗansa ya bi hanya iri ɗaya, sai magana ta sauya. Wasu su ce gado ne, babu yadda za a yi. Wasu su ce an sa masa guba a wurin biki, ko jifa ne, ko maita ce daga cikin gida. Irin wannan zargi ya raba zumunci da yawa, kuma ya fi faɗawa kan tsofaffin mata da matan da aka auro cikin dangi.

Ilimin likitanci ya yarda da rabin maganar. Mutumin da mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan uwansa na jini ya yi ciwon dajin tumbi, haɗarin kamuwarsa ya ninka na sauran mutane sau biyu zuwa uku, kuma kusan ɗaya cikin goma na masu ciwon ana samun wani a danginsu da ya yi shi. Amma wanda ake gada kai tsaye ta ƙwayoyin halitta bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba. Sanannen misalinsa shi ne na wani dangi na ƙabilar Maori a ƙasar New Zealand, waɗanda ciwon ya riƙa kashe matasansu tsara bayan tsara, har suka nemi taimakon Jami'ar Otago, inda Parry Guilford da abokan aikinsa suka gano tangarɗa a ƙwayar gado mai suna CDH1 a shekarar 1998. Irin wannan ba shi da yawa. A mafi yawan dangogin da ciwon ke maimaituwa, abin da suka haɗa ya wuce jini: ɗaki ɗaya suka kwana, rijiya ɗaya suka sha, tukunya ɗaya ta ciyar da su, kuma ƙwayar cuta ɗaya suka ɗauka tun suna yara.

Ƙwayar da ke rayuwa cikin tsamin ciki

Har zuwa farkon shekarun 1980, likitoci sun ɗauka babu ƙwayar bakteriya da za ta iya zama cikin tumbin ɗan Adam saboda ƙarfin ruwan tsamin da ke cikinsa, kuma ana ɗora alhakin gyambon ciki kan damuwa da yaji da yunwa. Likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka raino ƙwayar a ɗakin gwaji a 1982. Da abokan sana'arsu suka ƙi gaskata su, Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, ya kamu da kumburin tumbi cikin kwanaki. A 1994 hukumar da ke Lyon ta sanya ƙwayar a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, rukunin da taba sigari ke ciki. A 2005 aka bai wa likitocin biyu lambar yabo ta Nobel.

Dabarar ƙwayar ita ce tana fitar da wani sinadari da ke kashe kaifin tsamin da ke kewaye da ita, sannan ta kutsa cikin majinar da ke lulluɓe bangon tumbi ta zauna. Idan ba a kashe ta da magani ba, takan zauna har ƙarshen rayuwar mutum. Yawancin masu ɗauke da ita ba sa jin komai. Kimanin ɗaya cikin goma kan samu gyambon ciki, yayin da ɗaya zuwa uku cikin ɗari ne ke kaiwa ga ciwon daji. Hanyar da ake bi kafin a kai can doguwa ce, kamar yadda masanin ƙasar Kolombiya, Pelayo Correa, ya bayyana tun 1975: kumburi na shekaru, sai bangon tumbin ya zaizaye, sai ƙwayoyin jikinsa su rikiɗe su yi kama da na hanji, daga nan su lalace su zama daji. Wannan kan ɗauki shekaru talatin, arba'in ko fiye. Yawan gishiri, abincin da aka adana da gishiri, shan taba da yawan shan giya suna ƙara wa tafiyar sauri.

Akasari ana ɗaukar ƙwayar ne kafin shekara goma, daga uwa ko daga yayye, ta yawu, amai ko bayan gida. Cunkoso a ɗaki, ruwan da ba shi da tsabta, da rashin makewayi mai kyau su ne manyan abokan tafiyarta. Tauna wa jariri abinci kafin a sa masa a baki, al'adar da uwaye da kakanni ke yi don ƙauna, na cikin hanyoyin da masana ke zargi. Babban mutum bai cika ɗaukar ta sabuwa ba, don haka mijin da ya kamu da ciwon dajin tumbi yana ɗan shekara sittin, mai yiwuwa tun a gidan mahaifinsa ya ɗauko sanadin, shekaru kafin ya san matar da dangi za su zarga. Hare-haren da suka sha raba iyalai da ƙauyukansu a Zangon Kataf, Kaura da Kauru, suka cusa su a gidajen 'yan uwa da makarantu, sun ƙara irin cunkoson da ƙwayar ke so, kuma yara ne ke cikinsa.

Wani nazari da aka buga a mujallar Gastroenterology a 2017, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya sanya Najeriya a kan gaba a duniya, da ƙiyasin cewa kashi 87.7 cikin 100 na jama'arta na ɗauke da ƙwayar, yayin da na Suwizalan bai kai kashi 19 ba.

Abin da gwajin Koriya ya nuna

Hujja mafi ƙarfi kan batun dangi ta fito ne daga Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa a Koriya ta Kudu, aka kuma buga ta a mujallar New England Journal of Medicine a watan Janairun 2020. Masu binciken sun ɗauki mutane 1,838 masu ɗauke da ƙwayar, waɗanda kowannensu yana da uwa, uba ko ɗan uwa na jini da ya yi ciwon dajin tumbi. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: an bai wa rabi maganin kashe ƙwayar na kwana bakwai, sauran kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan bibiyar fiye da shekara tara, mutum 10 ne suka kamu da ciwon a cikin waɗanda suka sha magani, 23 kuma a ɗaya ɓangaren. Haɗarin ya ragu da fiye da rabi. Da aka kwatanta waɗanda ƙwayar ta mutu a cikinsu da waɗanda ta ci gaba da zama, ragin ya kai kashi 73 cikin 100.

Akwai darussa biyu a cikin waɗannan alƙaluma da bai kamata a tsallake ba. Maganin bai kashe ƙwayar a kusan uku cikin goma na waɗanda suka sha shi ba, ke nan shan magani ba tare da komawa gwaji ba rabin aiki ne. Sannan ko cikin waɗanda ƙwayar ta mutu, an samu 'yan kaɗan da suka kamu, domin idan zaizayar tumbi ta yi nisa, kashe ƙwayar ba ya mayar da hannun agogo baya gaba ɗaya. Shi ya sa masana ke ganin amfanin ya fi yawa ga matasa.

Wani binciken daga Japan da mujallar ta buga a 2023 ya nuna yadda gado da ƙwayar ke haɗa ƙarfi. An gano ƙwayoyin gado tara masu alaƙa da ciwon, cikinsu har da BRCA1 da BRCA2 da aka fi sani a ciwon dajin nono. Wanda ya gaji tangarɗa a wasu daga cikinsu kuma yana ɗauke da Helicobacter pylori, yiwuwar ya kamu kafin ya cika shekara 85 ta kai kashi 45.5 cikin 100. Mai ƙwayar cutar kaɗai, kashi 14.4. Wanda ba ya ɗauke da ita kuwa, ko ya gaji tangarɗar ko bai gada ba, bai kai kashi 5 ba. Waɗannan alƙaluman Japan ne, ƙasar da ciwon ya yi yawa, ba za a ɗora su kai tsaye kan mutumin Fadan Kagoma ko Godogodo ba. Amma ma'anarsu a fili take: gadon jini shi kaɗai bai cika yin ɓarna ba sai ya samu ƙwayar cutar, ita kuwa ana iya kashe ta.

Tambayar da ta taso daga Maiduguri

Mai karatu na iya tambaya: idan kusan tara cikin goma na 'yan Najeriya na ɗauke da ƙwayar, me ya sa ba a jin labarin ciwon dajin tumbi kamar na nono, na bakin mahaifa ko na mafitsarar maza? Wannan tambaya daga Arewacin Najeriya ta fara. Wani likitan fiɗa ɗan Birtaniya, Chris Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya rubuta a mujallar Gut a 1992 cewa ƙwayar ta cika Afirka amma ciwon dajin da take jawowa bai yi yawa ba, ya kuma kira lamarin ɗaurin gwarmai na Afirka.

An kawo bayanai iri-iri tun daga lokacin. Wasu sun ce tsutsar ciki da yara ke fama da ita na sauya yadda garkuwar jiki ke yaƙar ƙwayar, ta rage zafin kumburin. Wasu sun ce irin ƙwayar da ke Afirka ta daɗe tare da mutanenta har sun saba da juna. A Kolombiya an ga cewa mazauna gaɓar teku masu asalin Afirka ba su cika kamuwa ba idan aka kwatanta da mazauna kan duwatsu, alhali duka suna ɗauke da ƙwayar. Wasu masanan kuwa sun ce babu wani ɗaurin gwarmai, rashin ƙidaya ne kawai: inda aka leƙa cikin marasa lafiya da na'ura a Afirka, ana samun gyambo da daji kamar yadda ake samu a wasu wuraren.

Wannan ra'ayi na ƙarshe ya fi kusa da abin da ake gani a ƙasa. Ciwon dajin tumbi ya fi kama waɗanda suka haura shekara sittin, a ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai kai sittin ba. Ba a tabbatar da shi sai an zura na'urar leƙen ciki ta maƙogwaro, an yanko ɗan nama, an kai wa masanin da zai duba shi. Manomin citta da ya rasu a gida a wani ƙauyen Jaba, aka binne shi da sunan olsa, ba ya shiga kundin rajistar ciwon daji na kowace jiha. Ƙiyasin 2022 na hukumar da ke Lyon ya nuna an samu sababbin masu ciwon daji iri-iri kimanin 127,000 a Najeriya, kusan 80,000 kuma sun rasu, kuma irin wannan ƙiyasi ya dogara ne da rajistocin manyan birane ƙalilan.

Inda gizo ke saƙa

Ƙasashen da suka ɗauki lamarin da muhimmanci sun bi hanyoyi daban-daban. Koriya ta Kudu na leƙa cikin duk wanda ya kai shekara arba'in sau ɗaya a shekara biyu. Japan ta sanya maganin kashe ƙwayar cikin inshorar lafiya ga masu kumburin tumbi tun 2013. A tsibiran Matsu na Taiwan an fara gwada jama'a gaba ɗaya da ba su magani a 2004, kuma ciwon ya ragu da kusan rabi. Masanan ƙasar Sin sun fito da tsarin bin gida-gida: idan an samu mutum ɗaya, a gwada iyalinsa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Najeriya za ta kwafa dungurungum. Inda kusan kowa ke ɗauke da ƙwayar, raba wa jama'a magani na nufin zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta ga miliyoyin mutane, a ƙasar da tuni ake sayen su a kasuwa kamar gyaɗa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci Helicobacter pylori mai bijire wa clarithromycin cikin ƙwayoyin da ke buƙatar sababbin magunguna cikin gaggawa. Bincike a Afirka ya sha nuna cewa metronidazole, wanda jama'a suka fi sani da Flagyl kuma suke sha kan kowace gudawa, ya daina tasiri kan ƙwayar a wurin mutane da yawa. Haka nan inda ruwan sha bai gyaru ba, wanda ya warke na iya sake ɗauka.

Abin da ya fi dacewa da hankali da aljihu shi ne a fara da waɗanda haɗarinsu ya fi yawa, kuma binciken Koriya ya riga ya nuna su: 'ya'ya da 'yan uwan jini na wanda aka tabbatar ya yi ciwon, sai masu gyambon ciki na gaske. Waɗannan ba su da yawan da zai gagari asibiti, kuma ba sai an nemo su ba, domin su ne ke zaune a bakin gadon mara lafiyar suna jinya.

Sai dai gwajin kansa yana da tarko. Gwajin jini na gaggawa da ƙananan ɗakunan gwaji ke yi yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, bai nuna tana nan ko ta tafi ba, kuma yakan ci gaba da nuna alama bayan an warke. Mutane da yawa sun sha magani zagaye biyu ko uku a banza saboda haka. Gwajin bayan gida da gwajin numfashi su ne ke nuna ƙwayar mai rai, amma sai an dakatar da omeprazole da danginsa na mako biyu, da maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako huɗu, in ba haka ba sakamakon ya yi ƙarya. Maganin da aka fi ba da shawara a yanzu na kwana goma sha huɗu ne, haɗin magunguna uku ko huɗu, a kuma sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu da gamawa. Citta da yankin ya yi suna da ita na iya kwantar da tashin zuciya, amma ba a tabbatar tana kawar da ƙwayar daga tumbi ba, haka ma zuma da kanwa.

Akwai kuma waɗanda gwajin ƙwaya ba shi ne buƙatarsu ta farko ba. Rama ba gaira ba dalili, saurin ƙoshi, aman da ya ƙi tsayawa, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, wahalar haɗiya, ƙarancin jini ko ƙullutu a saman ciki, musamman ga wanda ya manyanta, alamu ne da ke buƙatar leƙen ciki ba tare da jinkiri ba. Omeprazole na iya lafar da zafin ciwon daji na ɗan lokaci, kuma wannan sauƙin na ƙarya ne ke cinye watannin da fiɗa za ta iya yin amfani a cikinsu.

Nan ne batun ya dawo Kafanchan. Za a iya auna sabuwar cibiyar da abubuwa ƙalilan da ba su kai gina sabon ɓangare tsada ba: na'urar leƙen ciki mai aiki da likitan da ya iya sarrafa ta, ɗakin duba naman da aka yanko ko tsayayyen tsarin aika shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko na Jami'ar Jos, kayan gwajin bayan gida da ba sa yankewa, da kundin da za a riƙa rubuta duk wanda aka samu da ciwon daji. Kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma da ke garin na iya koya wa ɗalibanta su riƙa tambayar mai ciwon ciki ko wani a gidansu ya rasu da irin wannan ciwo, tambayar da ba ta cin ko kwabo.

Batun kuɗi yana nan. Asusun tallafa wa masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya ya fara ne da ciwon nono, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, ban da na tumbi. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, Jihar Kaduna kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, amma mafi yawan manoma da 'yan kasuwar yankin daga aljihunsu suke biya. Ko gwajin ƙwayar da maganinta na mako biyu za su shiga jerin abin da inshorar jiha ke ɗauka ga dangin mai ciwon, shawara ce da ke hannun hukumar jihar da Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Abuja, wadda ta fara aiki a 2023.